Kundi a Buɗe, Shugaba a Ɓoye: Shin Bulokcen Ya Magance Zaluncin Jagora?

Duk wanda ya taɓa zama a ƙungiya, ta matasan unguwa ce, ta 'yan kasuwa ce ko ta tsofaffin ɗalibai, ya san ranar da taro ya fi zafi: ranar da za a ce ma'aji ya tashi ya karanta lissafi. A ranar ake jin rasit ya ɓata, littafi yana gida, sakatare ya yi tafiya. Daga nan zumunci ya fara tsami. Zargi ya kashe ƙungiyoyi fiye da yadda talauci ya kashe su, shi kuwa zargi a duhu yake ƙiba.

Wannan tsohon ciwo ne masu fasahar bulokcen suka ce sun samo wa magani. Bulokcen kundin lissafi ne da ba a ajiye shi a hannun mutum ɗaya. Kwamfutoci masu yawa a ƙasashe daban-daban kowace tana riƙe da kwafinsa, kuma abin da ya shiga ciki ba ya goguwa sai da yardar rinjayen masu riƙon. Bitcoin ne ya fara aiki da shi a watan Janairun 2009. Da Ethereum ta zo a 2015, sai aka sami damar rubuta tsarin mulkin ƙungiya ɗungurungum a cikin manhaja: yadda za a tara kuɗi, yadda za a kaɗa ƙuri'a, da sharaɗin fitar da ko sisin kwabo. Daga nan aka sami al'ummomin intanet da ake kira DAO, masu baitulmali da majalisa, amma suna cewa ba su da sarki.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. A 2023 da 2024 kamfanin bincike na Chainalysis ya sanya Najeriya a matsayi na biyu a duniya wajen rungumar kuɗin kirifto, Indiya kaɗai ke gabanta. Mun kuma ga yadda matasanmu suka duƙufa kan wayoyi suna mainin a 2024. Da yawa daga cikin tsabar kirifton da suke tarawa ko saye takardar zama ɗan wata al'umma ce, wata ma ƙuri'a ce. Saboda haka tambayar ta cancanci a zauna a kanta: shin shugabancin waɗannan al'ummomi ya fi wanda muka saba adalci da gaskiya da amsa tambaya, ko kuwa tsohon hali ne ya sake riga?

Hujjar masu cewa an sami ci gaba

Babbar hujjarsu ita ce gani ya kori ji. Baitulmalin DAO yana da adireshi a kan sarƙa, wato kundin bulokcen, kuma duk mai waya zai iya leƙawa ya ga abin da ya shiga da abin da ya fita, da lokacin da ya fita, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Suna kafa misali da abin da ya faru a Arbitrum. A watan Maris na 2023 gidauniyar da ke kula da wannan sarƙa ta gabatar da ƙudurinta na farko, tana neman a amince a ba ta tsabar ARB miliyan 750, wadda darajarta a lokacin ta doshi dala biliyan ɗaya. Ana cikin kaɗa ƙuri'a masu bin diddigin kundi suka gano tsaba miliyan 50 ta riga ta motsa. Gidauniyar ta amsa cewa ta ba da rancen miliyan 40, ta sayar da miliyan 10, tana mai cewa ƙuri'ar ta tabbatar da abin da aka riga aka yanke ce. Jama'a suka harzuƙa, fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un suka yi watsi da ƙudurin. Dole gidauniyar ta ja da baya, ta rarraba ƙudurin, ta yarda a kulle sauran tsabar ana sakar mata kaɗan-kaɗan cikin shekara huɗu. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: a wace ma'aikata ko wane kamfani ƙaramin mai hannun jari zai kama irin wannan cikin kwana biyu, har ya sa a janye?

Hujja ta biyu, manhaja ba ta san ɗan wane ba. Idan ƙa'ida ta ce sai an sami kaso kaza na ƙuri'a kafin kuɗi ya fita, to ba ya fita don shugaba ya ɗaga waya, ba ya kuma maƙalewa don wani akawu yana jiran na goro. Ba a tambayar fasfo, ba a tambayar ƙabila ko addini. Matashi a Zariya da injiniya a Jamus hanya ɗaya suke bi su gabatar da ƙuduri, kuma ma'auni ɗaya ake auna ƙudurinsu da shi.

Hujja ta uku, kujera ba ta da wa'adin da zai kare mai ita. A dandalin Hive, alal misali, mutum 20 da suka fi samun ƙuri'a su ne manyan shaidu, wato masu rubuta sababbin shafukan kundi da amincewa da duk wani sauyin doka. Akwatin zaɓensu ba ya rufuwa dare da rana. Wanda ya ba ka ƙuri'a da safe zai iya janye ta da yamma, kuma kowa yana ganin wanda ya zaɓi wane. Ba a jiran shekara huɗu, ba a zuwa kotun ƙararrakin zaɓe.

Ta huɗu ita ce suka fi alfahari da ita: 'yancin ƙaura da kaya. Wanda ya fusata da Facebook ya fita, ya bar abokansa da rubuce-rubucensa a can. A bulokcen kuwa manhajar a buɗe take, kundin ma haka. Idan jama'a suka gaji da shugabanninsu, suna iya kwafe komai su tsaga sabuwar sarƙa, su tafi da tarihinsu da dukiyarsu. Shugaban da ya san talakawansa za su iya tashi da garin gaba ɗaya su bar masa kango, dole ya yi taka-tsantsan.

Hujjar masu cewa an gudu ba a tsira ba

Ɗaya ɓangaren ya fara da tambayar da ke karya gwiwa: ƙuri'ar ta wa ce? A yawancin waɗannan al'ummomi ba kawuna ake ƙirgawa ba, tsaba ake ƙirgawa. Mai tsaba miliyan ɗaya ya rinjayi mutum dubu masu ɗari-ɗari sau goma. A 2022 Chainalysis ya duba manyan DAO guda goma, ya tarar ƙasa da kashi 1 cikin 100 na masu riƙe da tsaba su ke da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ƙuri'a. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a nan an rubuta akasin haka a cikin doka. Abin da muke kira sayen ƙuri'a muna Allah wadai da shi, a nan shi ne tsarin zaɓen kansa. Shi kansa Vitalik Buterin, jigon waɗanda suka ƙirƙiro Ethereum, ya yi dogon rubutu a 2021 yana gargaɗi kan haɗarin mulki da ƙuri'ar tsaba.

Ba ma sai mutum ya mallaki kuɗin ba, aro ya isa. Ranar 17 ga Afrilun 2022 wani ya ci bashin kusan dala biliyan ɗaya, irin bashin da ake karɓa a mayar cikin ma'amala guda. Da shi ya sami fiye da kashi biyu cikin uku na ƙuri'ar wata DAO mai suna Beanstalk, ya zartar da ƙudurin da shi da kansa ya shigar, wanda ya ce a tura masa abin da ke baitulmali, sannan ya biya bashinsa. Cikin daƙiƙoƙi aka yi asarar kimanin dala miliyan 182. Bai fasa ƙofa ba, bai ƙirƙiri sakamakon bogi ba. Zaɓe ya ci bisa ƙa'ida, kuma kowa yana kallo.

Hujjarsu ta biyu, cewa babu shugaba yaudara ce. Suna tuna wa mutane DAO ta farko da ta yi suna, wadda ta tara kimanin dala miliyan 150 a 2016 bisa alƙawarin cewa abin da manhaja ta zartar shi ne doka. Ranar 17 ga Yuni wani ya gano ɓaraka a manhajar, ya janye Ether, wato tsabar Ethereum, har miliyan 3.6, kusan sulusin dukiyar. Nan take aka ga masu faɗa a ji. Manyan masu rubuta manhajar Ethereum suka shirya gyaran da zai dawo da kuɗin, aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi wadda kashi 5.5 cikin 100 kacal na Ether ya shiga, kuma kusan rubu'in ƙuri'un amincewa daga adireshi ɗaya suka fito. Ranar 20 ga Yuli aka sauya kundin da aka ce ba ya sauyuwa. Waɗanda suka ƙi yarda suka ci gaba da tsohuwar sarƙa, ita ce Ethereum Classic a yau. Mai yiwuwa dawo da kuɗin shi ne daidai. Amma ya nuna cewa idan gobara ta tashi, akwai 'yan tsirarun da ake kallon bakinsu, alhali ba wanda ya zaɓe su, ba kuma wanda zai iya tsige su.

Ta uku, ganin kundi daban, fahimtarsa daban. Abin da ke rubuce a ciki jerin lambobi da haruffa ne, ba sunayen mutane ba. Adireshi goma na iya zama na mutum ɗaya. Kundi yana nuna kuɗi ya tashi daga nan zuwa can, amma ba ya nuna ƙus-ƙus ɗin da aka yi a keɓaɓɓen zauren hira kafin a kawo ƙuduri gaban jama'a. Ƙudurin kansa sau da yawa yaren injiniyoyi ne, wanda mutum ɗaya cikin ɗaruruwa ke iya tantancewa. An buɗe wa kowa ƙofa, amma ɗakin babu fitila.

Ta huɗu, idan an cuce ka, gaban wa za ka kai kuka? Uwar adashe da ta ci amana an san gidanta, an san danginta, akwai mai unguwa, akwai alƙali. Jagoran da ba a san shi da komai ba sai laƙabi da hoton zane, yana iya rufe asusunsa yau ya dawo gobe da sabon suna. Inda hukuma ta shigo kuma, sai abin ya iya faɗa wa na ƙasa. A 2023 wata kotun tarayya a Amurka ta amince da ƙarar da wata hukumar gwamnatin ƙasar mai suna CFTC ta shigar kan Ooki DAO, ta ɗauke ta a matsayin ƙungiyar da za a iya gurfanarwa, aka ci ta tarar sama da dala 640,000. Ita kuwa hukumar matsayinta shi ne duk wanda ya kaɗa ƙuri'a da tsabarsa ɗan ƙungiya ne. Ke nan mai ƙaramar ƙuri'a ba shi da ta cewa a ranar yanke shawara, amma yana iya samun kaso a ranar ɗaukar laifi.

Rikicin Steem: shaidar da kowane ɓangare ke ja

Babu labarin da ya tara duka waɗannan hujjoji wuri guda kamar na Steem. Dandali ne na rubuce-rubuce da aka kafa a 2016, inda marubuci ke samun lada da tsabar kirifto gwargwadon ƙuri'un da rubutunsa ya samu cikin kwana bakwai. Tun farkon kafuwa kamfanin Steemit ya haƙa wa kansa tsaba mai yawa, wadda zuwa 2020 ta kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na duka. Fahimtar da jama'a suka zauna a kanta ita ce wannan dukiya ta raya dandali ce, ba za a yi zaɓen shaidu da ita ba. Sai dai wannan alƙawari a baki yake, ba a ɗaure shi a cikin manhaja ba.

Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka sanar cewa Justin Sun, mai sarƙar Tron, ya sayi kamfanin. Kafin watan ya ƙare, shaidu suka shirya a asirce suka daskarar da tsabar kamfanin don kada sabon mai shi ya yi zaɓe da ita. Shi kuwa ya ɗauki matakin a matsayin kutse ga dukiyar da ya saya da kuɗinsa. Ranar 2 ga Maris aka wayi gari an kawar da manyan shaidun nan gaba ɗaya, an maye gurbinsu da asusun da ke ɓangarensa. Ƙuri'un da suka yi wannan aiki sun fito ne daga manyan kasuwannin musayar kirifto uku, Binance da Huobi da Poloniex, kuma tsabar da suka yi zaɓen da ita ajiyar abokan cinikinsu ce. Daga baya Binance da Huobi suka janye ƙuri'unsu, shugaban Binance na lokacin ya ce sun zaci gyaran manhaja ne na yau da kullum. Ranar 20 ga Maris jama'ar dandalin suka tsaga sarƙa suka kafa Hive. Kowa ya tarar da kwafin dukiyarsa a sabon gida, ban da kamfanin Steemit, wanda aka zuba kasonsa a baitulmalin al'umma, ban da kuma wasu asusun da suka mara wa Sun baya. A watan Mayu sababbin shaidun Steem suka ƙwace tsaba miliyan 23.6 daga asusu 64 na mutanen da ke da alaƙa da Hive.

Masu yabon fasahar suna cewa ga zahiri: cikin sa'o'i aka gano daga inda ƙuri'un suka fito, kunya ta sa manyan kasuwanni suka janye, kuma cikin kwana 18 talakawa suka yi hijira da garinsu suka bar attajiri da suna kawai. Masu suka kuma suna cewa a sake karanta labarin. Shaidun da aka zalunta su suka fara taɓa dukiyar wani ba tare da sun shawarci jama'a ba. An yi zaɓe da amanar mutane ba da saninsu ba. Waɗanda suka yi ƙaura sun hukunta wasu saboda abin da suka zaɓa, waɗanda suka rage kuma suka rama da ƙwace. A kowane mataki kundi ya rubuta gaskiya, kuma a kowane mataki bai hana komai ba.

Inda ma'auni ya rinjaya

A ganina kowane ɓangare ya riƙe gaskiya, amma ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Abubuwa uku ne ake cuɗawa: a ga abin da shugaba ya yi, a yi wa kowa adalci, sannan shugaba ya amsa tambaya ya ɗauki sakamakon aikinsa. A na farko bulokcen ya yi nasara ta haƙiƙa, kuma wanda ya musanta bai yi adalci ba. Da za a ce asusun ƙananan hukumominmu a buɗe yake kamar baitulmalin Arbitrum, da abubuwa da yawa sun sauya. A na biyu nasarar rabi ce. Manhaja tana zartar da doka ba sani ba sabo, amma idan dokar ta ce mai kuɗi shi ne mai murya, zartar da ita babu son kai ba ya mayar da ita adalci. A na uku kuwa, nan ne rauni yake, domin al'ummar da ta rantse ba ta da shugaba ta hana kanta hanyar tuhumarsa.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ke Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana. Amma ba ta tsaya ga rubutu ba. Ta nemi marubucin ya zama mai adalci, ta nemi a kafa shaidu, ta kuma hana shaidun ƙin zuwa idan an kira su. Rubutu yana tsare abin da ya faru, mutane ke ɗaukar nauyinsa. Bulokcen ya kyautata rubutun matuƙa, sannan wasu suka zaci ya ɗauke wa mutane nauyin.

Akwai hujja mai ƙarfi da ke kare ɓoye suna, kuma bai kamata a raina ta ba. Ɓacewar Satoshi Nakamoto, laƙabin wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ta sa Bitcoin bai zama mallakar kowa ba. A watan Mayun 2024 kuma wata kotu a Holan ta yanke wa Alexey Pertsev, ɗaya daga marubutan Tornado Cash, manhajar ɓoye sawun kuɗin kirifto, ɗaurin wata 64, abin da ya sa masu rubuta manhaja da dama ke ganin bayyana kai kasada ce. Na yarda ɗan ƙungiya na gama-gari ya ɓoye sunansa, kamar yadda mai zaɓe ke shiga keɓe ya dangwala. Amma wanda ya karɓi mabuɗin baitulmali, ko ikon sauya doka, ya fita daga wannan rukuni. Amana ya ɗauka, kuma ba a ba da amana ga wanda ba shi da abin da zai rasa idan ya ci ta.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne wasu sun fara gyara. A 2022 sarƙar Optimism ta sanar da tsarin majalisa biyu, ɗaya ta masu tsaba, ɗaya ta 'yan al'umma inda kowa ke da ƙuri'a guda. Jihar Wyoming ta Amurka tun 2021 ta ba DAO damar yin rajista a matsayin kamfani, yadda za a san wanda za a nema idan an yi ɓarna. Manyan DAO da dama suna sanya jinkirin kwanaki tsakanin cin ƙuri'a da zartarwa, don jama'a su sami damar yin kururuwa ko kwashe nasu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya cika. Ƙuri'a ɗaya ga mutum ɗaya ma tana da nata ciwon, domin duk ɗan mainin ya san mutum guda kan buɗe asusu goma. Amma a lura da alƙiblar gyaran: duka komawa suke yi ga abubuwan da aka ce an wuce, wato rabon iko, wa'adi, rajista da sanin mai alhaki.

Don haka wanda zai zuba guminsa ko kuɗinsa a irin wannan al'umma, kada kalmar "babu shugaba" ta kwantar masa da hankali. Ya bincika adireshi nawa ne idan suka haɗa kai za su rinjayi kowa. Ya san su wa ke riƙe da mabuɗan baitulmali, mutum nawa ne, kuma ta wace hanya ake sauke su. Ya duba kason da masu kafawa suka ware wa kansu, da ko alƙawarin da suka yi a kansa yana ɗaure a manhaja ko a fatar baki yake kamar na Steemit. Ya kuma tambaya, a ranar da abu ya lalace, wa ke da ikon dakatar da komai.

Fasahar ta yi abu guda mai girma: ta ɗauko littafin ma'aji daga ƙarƙashin matashinsa ta shimfiɗa shi a dandali, yadda ba zai sake cewa ya manta shi a gida ba. Sauran aikin yana nan inda yake tun kaka da kakanni. Sai an sami wanda zai karanta littafin, wanda zai miƙe a taro ya yi tambaya, da ma'ajin da aka san fuskarsa, wanda dole ya tsaya ya ba da amsa.